UWAYENMU MATA DA SHEKARUN ƊAUKEWAR JINI

Jawabin da anka karanta a taron ƴan ƙungiya, anka kuma ce a buga shi domin waɗanda ke wurin bida su samu.

Dattawanmu, malamanmu, uwayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kunka taso daga Maradi, da Yamai, da Agadas, da Kano, muna yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda hanya ba ta ba su ba kuwa, wannan takarda za ta iske su inda suke, mai karatu ya karanta wa wanda ba ya yi.

Maganar da munka zo da ita yau ba a saba yin ta gaban manya ba, saboda haka muna neman gafara tun da fari in wata kalma ta yi wa kunne nauyi. An sha yin zama a kan rijiya, da burtali, da kuɗin kati, to yau a ba mu dama mu taɓa cikin gida.

Kowa a nan ya san wata mace, a garin Azagor ko a tunga ko a ruga, wadda ta ba shekara arba'in baya, wadda anka sani da haƙuri tun tana amarya, sai a cikin shekara ɗaya ko biyu ta zama kamar an musanya ta. Abu kaɗan sai faɗa. Wani lokaci a iske ta tana hawaye bakin murhu, a tambaye ta, ta ce hayaƙi ne. Cikin dare a ga ta fito tsakar gida tana fifita, zufa ta jiƙe mata zane, alhali kuwa ana cikin ɗari. Ta manta inda ta ajiye mabuɗi. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ita da ba a yin sha'ani sai da ita. Kun kuma san abin da ake cewa. Maigida ya ce kishi ne. Matan ɗiyanta su ce jarabar tsufa ce. Maƙwabta su ce iska ce ta taɓa ta, ko an yi mata sammu. In kuma tsautsayi ya sa wani yaro ya kwanta ciwo a gidan, sai a fara raɗa wata kalma wadda ba ma so mu maimaita a nan, kalmar da in ta hau kan tsohuwa ba ta sauka har kabari.

To, jama'a, sau da yawa abin da ke damun wannan baiwar Allah yana da suna, yana da dalili a cikin jiki, kuma yana da magani.

Watau ita mace, tun daga balaga, akwai wasu sinadarai da ma'ajiyar ƙwanta ke zubawa cikin jini, babbansu shi ne wanda masana ke kira istirojin. Su ne ke tsara al'adarta wata-wata, su ke shirya mahaifa domin ɗaukar ciki. Amma aikinsu bai tsaya nan ba, har ƙwaƙwalwa suna taɓawa, wurin da ke daidaita zafin jiki, da barci, da natsuwar zuciya. In shekaru sunka ja, sai ƙwai ya ƙare, sinadaran nan su fara janyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata jini yana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ya ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan shi ba. Abin lura shi ne, ba dare ɗaya yake tafiya ba. Kamar ƙarshen damina yake, yau ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan a yi kwana ashirin babu ko ɗigo, sa'an nan ya dawo. Wannan hawa da sauka yana iya ɗaukar shekaru, kuma a cikinsa ne wahalar take. Zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gaba ya riƙa faɗuwa, barci ya yanke tsakiyar dare ya ƙi dawowa. Ku da kuka taɓa kwana uku kuna jan guga a rijiya cikin bazara ba barci, ku tuna yadda bakinku yake a rana ta huɗu, sa'an nan ku ƙiyasta wadda ta yi shekara a haka, ga daka, ga itace, ga jikoki.

A Amurka an yi wani babban bincike da ake kira SWAN, an fara shi a 1996 da mata fiye da 3,000, ana bin lafiyarsu shekara da shekaru. A cikin waɗanda zafin nan ya matsa wa, an ga yana kai shekara 7 da ɗoriya kafin ya sake su, ga baƙaƙen fata kuwa har wajen shekara 10. Wani sashe na binciken ya nuna cewa a wannan tsakani haɗarin kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani yana ninkawa biyu zuwa huɗu bisa yadda yake kafin al'ada ta fara rikicewa. Masana na jami'ar Habad ma, a 2006, sun ga ya ninka har ga matan da ba su taɓa yin irin wannan ciwo ba a rayuwarsu. Waɗannan fa mata ne masu lantarki da fanka da ruwan famfo cikin ɗaki.

Sai dai kada a fita daga nan a ce mun ce duk macen da jini ya ɗauke wa mai ciwo ce. A'a. Mafi yawansu suna wucewa da ɗan zafin jiki da ɗan saurin fushi, abin ya zo ya tafi. Akwai bambanci tsakanin wannan da ciwon damuwa, kuma bambancin ne muke so kowa ya riƙe. Mai saurin fushi tana faɗa da safe, da marece kuma a ji dariyarta wajen maƙwabta. Mai ciwon damuwa kuwa ƙuncin ba ya ɗagawa. Kullum, kusan wuni zubur, har mako biyu ko fiye, zuciya a dagule. Abin da ta saba so ya fita ranta, ko jikan da take ji da shi ne, ko awakinta, ko adashi. Abinci ya ƙi shiga ko ta rame. Jiki ya mutu, tashi daga tabarma ya zama aiki. Ta riƙa ganin ba ta da sauran amfani, ta ɗora wa kanta laifin abin da ya wuce shekara ashirin. Uwayenmu ba za su ce "ina da damuwa" ba, wannan kalma ba ta cikin bakinsu. Abin da za ku ji shi ne, "kaina ke yi mini nauyi," "ƙirjina kamar an aza dutse," "jikina duka ciwo," "wani abu ke yi mini yawo a jiki." Labarin zuciya a tambayi fuska.

Masana sun kuma ce ba sinadari kaɗai ke kawo shi ba. Ya fi kama wadda ta taɓa shiga irin wannan ƙunci, misali bayan haihuwa, da wadda rayuwa ta ɗora wa kaya mai nauyi, da wadda ba ta da wanda za ta faɗa wa. To mu lissafa kayan da namu ke ɗauke da shi. Macen da ke cikin waɗannan shekaru yanzu an haife ta wajen 1970 zuwa 1980. Wasunsu suna goye lokacin farin 1973 da 1974. Suna yara sa'ad da yunwar 1984 ta zo, wadda ake kira El-Buhari, anka ga dabbobi sun zube a kwarin Tarka, masu garke sunka wayi gari da sanda kaɗai. An yi musu aure da ƙuruciya. A 2005, shekarar da ta biyo bayan haɗuwar fara da ƙarancin ruwa, su ne ke da goyo, su ne sunka taka zuwa Dakoro inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa. Wasu sun dawo da ɗiyansu, wasu sun dawo da zanen goyo. Ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna mace a Nijar tana haihuwa 7.6 bisa ƙiyasi, a jihar Maradi kuwa abin ya haura 8. A cikin takwas ɗin nan nawa ta binne? Kuma al'adarmu, ta Bahaushe da ta Bafillace da ta Ba'abzine, ba ta yarda uwa ta yi kuka a fili ba, balle a kan ɗan fari. An ce ta yi kara, ta yi. An ce ta yi haƙuri, ta yi. Abin da anka haɗiye ba ɓacewa yake yi ba, yana nan kwance, ranar da jiki ya yi rauni sai ya taso.

Sa'an nan ku dubi lokacin da abin ke zuwa. Daidai sa'ad da ɗiyanta mata sunka tafi gidajen mazansu, babu mai kama mata daka. Daidai sa'ad da mazan sunka watse, wannan yana Libiya, wancan yana wurin zinariya a Jado, wani an yi wata shida ba a ji muryarsa ba. Daidai kuma sa'ad da maigida ya ga haihuwa ta tsaya, ya fara kai goro wani gida. Ba mu zo mu hana abin da addini ya halatta ba. Amma mu faɗi gaskiya, a wurinmu darajar mace an ɗaure ta da haihuwa, har wata tana ɓoye wa mijinta cewa jini ya ɗauke, don tsoron abin da zai biyo baya. Ga kuma wani abu da kunya ke rufewa: rashin sinadarin nan yana kawo bushewa, kwanciyar aure ta zama da zafi. Ita ta riƙa kaucewa, shi ya ɗauka raini ne, sai gaba ta shiga tsakanin mutanen da sunka yi shekara talatin tare. Wannan ma akwai abin da ungozomar likita ke bayarwa a kansa, in an tambaya. Aure nawa ya mutu a kan abin da maganinsa bai kai kuɗin buhun gero ba?

Wani abin da ke ƙara rikita su shi ne batun ciki. Jini ya yi wata uku bai zo ba, sai ta ce ciki ne. Wata tara ya wuce, sai a ce ya kwanta, a shiga neman maganin tada shi, a sayar da akuya, a sayar da tunkiya, tana ta jira har shekara biyu, kowane wata da sabon baƙin ciki. Awon fitsari a likita yana raba wannan gardama a cikin ƴan mintoci. Kuma a sani, muddin wata 12 ɗin nan ba su cika ba, ciki na gaske yana iya shiga, kuma ciki a waɗannan shekaru yana son awo sosai. Haka nan batun salla da azumi. Jini ya zo ya ƙi tafiya, ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba, tana jin kunyar tambaya, sai ta zauna da zullumin tana saɓon Allah. Alhali malamanmu na Malikiyya sun yi bayani, haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura nan jinin ciwo ne, ba ya hana salla. Alƙur'ani kansa ya ambaci matan da sunka yanke ƙauna daga haila a cikin Suratu Ɗalaƙi, ya ba su hukuncinsu. Abin da Littafi ya kira da sunansa, don me mu za mu mai da shi abin ɓoyo? Muna roƙon malamai su sa wannan babi cikin karatun da suke yi wa mata.

Yanzu sai likita. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa, ga kuma fiɗar haihuwa. Wannan abin alheri ne. Amma ku lura, duk ƙofofin nan na mai ciki ne da mai goyo. Macen da ta yi shekara ashirin da biyar tana zuwa likita da kati a hannu, ranar da haihuwa ta tsaya sai sawunta ya ɗauke, babu ranar awo tata, babu mai nemanta. In ba wani ya ɗauke ta ya kai ta ba, ba za ta je ba, domin a ganinta kuɗin mota gara a sayi hatsi da su. Wannan wani kuwa mu ne.

Kai ta likita yana da amfani ko da ba damuwa ba ce, saboda akwai cututtuka da ke ɓuya bayan waɗannan alamu. Ƙarancin jini yana kawo kasala da faɗuwar gaba, kuma macen da ta yi haihuwa takwas, ga zubar jini mai yawa a ƙarshe, ba abin mamaki ba ne ta rasa jini. Hawan jini, da ciwon suga, da ciwon maƙoƙo, duk suna iya kama da wannan. Majo zai auna, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura likitar Dakoro, in ta kama a wuce Maradi. Abu guda kuma muna so uwayenmu su ji shi da kyau, su faɗa wa waɗanda ba su zo ba: in jini ya ɗauke shekara guda sa'an nan ya dawo, ko ɗigo ne, ba ƙuruciya ce ta dawo ba. Yana iya zama alamar ciwon daji na mahaifa, kuma wannan ciwo da wuri ake cin ƙarfinsa. Kada a jira kaka, kada a jira ɗan da ke Libiya ya aiko.

Ciwon damuwa kansa yana warkewa. Wani lokaci zama da ma'aikacin lafiya da ya iya sauraro, da gyaran abin da ke cikin gida, sun isa. Wani lokaci sai an haɗa da ƙwayoyi, irin su amitriptyline ko fluoxetine, waɗanda ke cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta tanada. Ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi makonni ana sha kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba watanni da dama bayan an ji daɗi, ba a yankewa sai da izinin wanda ya rubuta. Akwai kuma maganin da ke mayar da sinadarin da ya ragu, yana kwantar da zafin jiki da zufar dare, amma ba kowace mace ya dace da ita ba, wadda ta taɓa ciwon daji na nono ko daskarewar jini ba a ba ta, saboda haka lokotoro ne kaɗai ke yanke wannan. Mun san abin da ke tsorata mutane. Da an ce ciwon ya shafi ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi Pavillon E na babbar likitar Yamai, a ce za a kai Inna gidan mahaukata. Ba haka ba ne. Mai damuwa tana cikin hankalinta sarai, a gida take shan maganinta, tana aikinta.

Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne maganin tebur da na masu yawo ranar kasuwa. Ta ce ba ta barci, sai yaro ya sayo mata ƙwayar barci. Ta ce jiki ba ƙarfi, sai a ba ta taramol. Waɗannan suna kama mutum, a wayi gari an ƙara mata ciwo a kan ciwo. Addu'a da rubutu kuwa babu mai hana su, a yi, amma a haɗa da awo. Wanda zai ce a kawo baƙar akuya da jika hamsin kafin ya fitar da abin da ke jikinta, a tambaye shi ko ya auna jininta.

Akwai ranar da ba a jira. In kunka ji tana cewa gara ta mutu ta huta, ko tana raba kayanta, ko tana yi wa mutane bankwana ba tafiya za ta yi ba, kada a ce zancen tsofaffi ne, kada kuma a rufe ta da wa'azi a tashi. A zauna a tambaye ta a fili ko tana tunanin halaka kanta, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sauƙi ma take kawowa. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a aike ta rijiya, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗaki, a nemi mota ko amalanke a kai ta likita a ranar.

Ku ƴan bida, ga taku. Kuna aiko kuɗi ta Nita da Amana, Allah ya ƙara buɗi. Amma kuɗin a hannun wa suke sauka, kuma kira nawa ne ake miƙa wa Inna waya? In an miƙa mata ma, a tsakar gida ne, gaban kishiya da surukai, kai ka ce "Inna, lafiya?" ita ta ce "Lafiya lau, ɗan nan, sai godiya." Ba za ta taɓa faɗin wani abu ba bayan wannan. Ku sa rana, ko Juma'a ce, ku ce a kai mata wayar ɗaki. Ku tambaye ta barci, ku tambaye ta abinci, ku tambaye ta rabonta da gidan ƙawarta. Abin da kunya ta hana ta faɗa wa ɗa namiji, ku sa ƙanwarku ko gwaggo ta ji. In kuma za ku aiko, ku ware wani abu ku ce wannan na awon Inna ne, ku kuma nemi a karanta muku abin da majo ya rubuta. Wanda matarsa ke zaune gidan, ya ja mata kunne a kan tanka wa uwar miji, ya kuma gaya mata dalili, domin ita ma hanyar nan za ta bi in Allah ya ba ta rai.

Dattawa masu gida, ku gafarce mu. In uwargida ta canza, kafin a kai ƙara wurin waliyyinta, a kai ta awo. In za a ƙara aure, a duba lokaci, a kuma duba baki, kada a ce mata ta gama aiki. A rage mata jan ruwa da ɗaukar itace, domin ƙashin mace yana yin rauni bayan ɗaukewar jini, karaya ba ta da wuya. A bar mata nono da madara a ƙwaryarta, kada a kai duka kasuwa. Shayi mai ɗaci da goro da dare suna ƙara korar barcin da dama ba shi da yawa, a mai da su safe. Kuma a bar ta ta fita. Masana sun ga cewa in an ƙetare waɗannan shekaru, haɗarin yana sauka, kuma mu ma shaida ne, domin su waye ke riƙe da adashi, da awon hatsi a kasuwa, da wankan jego, da sasanta ma'aurata, in ba matan da sunka wuce nan ba? Ga salla ba fashi, ga azumi ba ramuwa.

Abin da muke kawowa gaban taro shi ne wannan. Asusun ƙungiya yana ɗaukar kuɗin mota in haihuwa ta zo da gardama, yana kuma taimakawa in an yi rashi. Muna roƙo a ƙara wannan a ciki, watau in an ga uwa a irin halin da munka faɗa, kuma gidan ba su da hali, a fitar da kuɗin kai ta Dakoro ita da mai rakiya. Muna kuma roƙon uwayenmu su zaɓi mata biyu a cikinsu, masu riƙe asiri, ɗaya mai jin Fulatanci ko Tamashek, waɗanda mace za ta iya zuwa wurinsu ba tare da zancen ya fita ba, su ne za su sanar da ma'aji ba sai an ambaci suna a taro ba. Sa'an nan a aika wa majo takarda, a roƙe shi ya ba da rana guda da ungozoma za ta zauna da mata zalla, a auna hawan jini, kowa ta yi tambayarta.

Ma'aji zai tashi ya faɗi abin da ke cikin asusu. Bayansa muna roƙon shugaba ya ba uwaye mata magana kafin maza.